Shugaban Kwamitin Daraktoci Ba Shi Ke Gudanar da Kamfani Ba

Na sha jin ana cewa shugaban kwamitin daraktoci shi ke juya kamfani, kuma ban ga laifin masu faɗa ba, tunda shi ake gani yana jagorantar taron masu hannun jari. Amma harkokin yau da kullum na hannun manajan darakta ne, wanda kwamitin ke naɗawa, ya amince da kasafinsa, ya kuma bi diddiginsa. Idan banki zai buɗe reshe a Kano, manajan ne zai nemi wuri ya ɗauki ma'aikata, kwamitin kuwa ya tambayi nawa aka kashe. Domin kada mai bincike ya zama shi ake bincika, dokar kamfanonin Najeriya ta 2020 ta hana mutum ɗaya riƙe kujerun biyu a kamfanin da ke sayar wa jama'a hannun jari.