Ɗakin Takardun Ben Ezra

Ni dai ina bayan gyaran da gwamnatin Masar ta yi wa majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra, wadda aka sake buɗewa a watan Agustan 2023, kuma ba na jin nauyin faɗa. Na san wani zai ce ina ruwan ƙasar Musulmi da kashe kuɗi a wurin ibadar da masu shi suka watse? Gaskiya ne, Yahudawan Masar da suka kai wajen 75,000 a 1948 yau sai a ƙirga su da yatsu. Amma ku tsaya ku ji abin da gidan nan ya adana.

Yana Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, 'yar tafiya kaɗan daga masallacin Amru ɗan As. An rushe gidan ibadar Yahudawan zamanin Halifa al-Hakim wajen 1012, aka sake tayar da shi wajen 1040.

Abin da ya kama zuciyata yana bene, ta ɓangaren mata: wata kafa a bango mai faɗawa cikin ɗakin da Yahudawa suke kira geniza. A wajensu ba a yar da takarda mai sunan Allah a juji. Nan take na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, da in ta ga yagaggen shafin Alƙur'ani a hanya sai ta tsince, ta kakkaɓe, ta soke shi a tsagar katanga. Su kuwa cikin kafar nan suke zurawa, shekaru aru-aru, har ya zama ba addu'o'i kaɗai ba: takardun aure da na saki, lissafin bashi, wasiƙun fatake masu safara zuwa Indiya, har rubutun yara masu koyon baƙi. Akwai rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa kuma likitan fadar Salahuddin. Da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci, kamar dai ajaminmu. Wato maƙwabtan Musulmi ne, kasuwarsu ɗaya, harshensu ɗaya.

Inda abin ke min ciwo shi ne a 1897 wani malami Bayahude mai suna Solomon Schechter ya kwashe gutsattsarin takardun wajen 193,000 ya kai Jami'ar Kambirij a Ingila. Yau ɗan Masar mai son karanta yawancin takardun garinsu da hannunsa sai ya nemi biza. Ginin ne ya rage musu, da mumbarinsa na marmara a tsakiya da katakonsa mai zanen da za ka rantse na masallaci ne. Shi ɗin ma a zuba masa ido damshi ya cinye? Wallahi ban yarda ba.