Aikin kare namun daji bai tsaya a cikin daji ba

Da yawa daga ɗalibanmu sun ɗauka cewa wanda bai karanta likitancin dabbobi ko ilimin halittu ba, ba shi da gurbi a harkar kare namun daji. Ba haka abin yake ba. Mutum ne ke farauta, shi ke saye, shi ke share daji don noma, saboda haka dole a samu masu nazarin halayyarsa da masu iya yi masa magana.

Dubi ungulu. A da ba ka raba ta da mahauta da bakin kasuwa, yau sai ka zaga gari ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa irin wadda muka saba gani cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Cikin manyan dalilai akwai cinikin kai da sauran sassanta don haɗa magani. Mai gadin daji ba zai magance wannan ba. Mai bincike ne zai zauna a rumfar mai magani ya tambaya cikin ladabi: wa ke saye, don wace buƙata, maganar wa yake ji? Da irin wannan zama NCF, ƙungiyar kare muhalli da namun daji ta Najeriya, ta jawo wasu masu maganin gargajiya su koma ga itatuwa da saiwoyi.

Daga amsoshin ake tsara saƙon rediyo, sannan a koma a auna ko cinikin ya ragu. Wanda ya karanta aikin jarida ko ilimin zamantakewa, kuma ya iya harshen mutanen, yana da abin yi a nan sosai.