Bulowa da leshin Hajiya

Ƙurar Legas ba irin ta Kano ba ce. Ta Kano busasshiya ce, kana hurawa ta tashi. Ta nan kuwa sai ta haɗu da laimar teku da hayaƙin janareto, ta daskare a fukafukan fankar cikin kwamfuta da tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Da zarar sun toshe iska ba ta ratsawa, zafi ya haura digiri 90, firosesa ta rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta kashe kanta. Kwamfutar teburin gidanmu nan ta kai. Uwargida ta ce tsufa ne, a kai ta Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja, a karɓi abin da ya samu. Na ce ina, gyara sana'ata ce.

Gidanmu a Agege na haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya.

Na bi ƙa'ida tiryan-tiryan. Na kashe, na zare wayar wuta, na danne maɓallin kunnawa daƙiƙa goma don ragowar wutar ciki ta ƙare. Na kwance notuna biyu na baya, na zare murfin gefe, na taɓa ƙarfen akwatin kafin in taɓa komai, saboda 'yar wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya lalata ƙananan kayan allon. Ba a hurawa da baki, yawu ke bi. Ba a sa jiƙaƙƙen tsumma. Bulowa, injin hura iska, ake sa wa, a tokare kowace fanka da tsinke ko yatsa, don in iska ta juya ta fiye da kima gindinta na lalacewa. Kuma ba a yi a ɗaki, sai a fili. Fili kuwa a gidanmu tsakar gida ce.

Ina kunna bulowa wani baƙin gajimare ya tashi. Bayansa sai ga kyankyasai, manya da 'ya'yansu, suna ɓullowa daga akwatin wuta, ƙaramin akwatin nan da ke raba wa kayan cikin kwamfutar lantarki. Ɗumin wurin suke so, kuma akwatin nan ba a buɗe shi ko da an zare waya, domin yana riƙe caji. Ta ramukansa kawai ake hurawa. Iska ta kwashi tawagar gaba ɗaya ta sauke a kan farin leshin Hajiya maƙwabciyarmu, ankon bikin ranar Asabar, wanda ko tsanewa bai gama yi ba.

Ta fito, ta dubi leshi, ta dubi bulowa.

"Malam, me na tsare maka a gidan nan?"

"Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, iska ce ta juya."

"Iskar ce ta riƙe injin?"

Ta jawo kujera ta zauna, wai sai ta ga ƙarshen wannan ilimi. A gabanta na cire ƙarfen sanyayar. Man da ke tsakaninsa da firosesa ya bushe ya tsattsage, shi ne rabin matsalar, don aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani zafi ya samu hanyar wucewa. Na goge da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, na ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, na mayar da ƙarfen ina ɗaure notunan kusurwa da kishiyarta, kaɗan-kaɗan, don man ya bazu daidai. Na kuma canja ɗan batirin nan mai faɗi, CR2032, mai bolt 3. Mutuwarsa ce ta sa duk lokacin da aka ɗauke wuta agogon kwamfutar ke rikicewa, shafukan intanet su ƙi buɗewa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan batiri da UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ba ado ba ne.

Na haɗa, na kunna. Allo baƙi ƙirin, sai ƙit, ƙit, ƙit.

"To, ita ma ka sa ta kuka," in ji Hajiya.

RAM ce, 'yar sandar nan da kwamfuta ke ajiye aikin da take kan yi, ta ɗan ɗaga daga mazauninta wajen ɗauka da ajiyewa. Na sake zare wuta, na buɗe maƙallanta biyu, na goge bakinta mai ruwan zinari da kilinar yara, na daidaita tsagar, na danna har maƙallan suka ce ƙas. Ta tashi. Zafi ya dawo arba'in da 'yan kai, fanka ta yi shiru.

Leshi kuwa sai da ya je wajen masu wanki da guga, a aljihuna. Uwargida ta zauna ta yi lissafi a gaban yara, ta ce kuɗin ya ishe ni motar Ikeja zuwa da dawowa, da ladan mai gyara, har da canjin burodi.

Bayan biki jikan Hajiya ya yi sallama da wata tsohuwar laftof a leda. Wai ta ce ita ma tana zafi, a hure mata kyauta, amma a bakin titi, kuma ranar da ba ta yi wanki ba.