Wa ya ce korona ta wuce? A tambayi wanda aka yi wa dashen ƙoda

Ranar Asabar wani abokin Yaya ya zo duba shi, yana tari yana jan hanci. Da na miƙa masa takunkumi a bakin ƙofa sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Haba ƙanwata, har yanzu kuna nan kan zancen korona? Ai wannan ta zama tarihi." Babba ne, ban iya mayar masa ba. Ya shiga, ya zauna kusa da Yaya kusan awa guda, ya yi atishawa sau uku, ina ƙirgawa. Tun ranar abin ke cin raina, shi ya sa yau na ce gara in fito da shi.

Ƙodar da ke jikin yayana tawa ce. Shekara biyu ya yi ana masa wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, kafin aka gwada mu aka ga tawa za ta yi masa. Don haka idan kun ji zafi a maganata ku yi mini uzuri, tsokar jikina nake karewa.

Mutane da yawa sun ɗauka da an yi dashe an gama, mutum ya warke ke nan. Ina! Garkuwar jiki ba ta san zumunci ba. Ko ƙodar uwa ɗaya uba ɗaya ce, baƙuwa take ganinta, kuma aikinta ta kori baƙo. Dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda likita Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, jikin bai gane an kawo masa baƙuwa ba. Sauran jama'a kuwa sai da magani, kuma har ƙarshen rayuwa. Yaya yana shan takrolimus sau biyu a rana, awa goma sha biyu tsakani, da maikofenolet, da firednisolon. Aikinsu ɗaya ne, su ɗaure hannun mai gadi don kada ya fatattaki baƙuwar da aka kawo. To ɓarawo ma idan ya hauro, a ɗaure zai tarar da mai gadin.

Abin da korona ta tarar ke nan a 2020. Alƙaluman da aka tattara a ƙasashen Turai a farkon annobar sun nuna cewa cikin masu dashen ƙoda da suka kamu, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya rasu a cikin kwana 28. Gaskiya ne abin ya yi sauƙi sosai daga baya. An samu rigakafi, an samu magunguna, nau'in Omikron da ya bayyana a ƙarshen 2021 bai kai na baya kisa ba. Gaskiya ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa ranar 5 ga Mayu, 2023. Amma matakin gaggawa aka janye, ƙwayar cutar tana nan tana yawo, tana sauya kama. Wanda garkuwarsa ke a tsaye zai yi kwana uku yana tari ya miƙe. Yaya ba ya cikin wannan sahun.

Za ku ce ai ya yi rigakafi. Ya yi, har ya fi ku yawan allurai. Sai dai ita allurar rigakafi koyarwa take yi, tana nuna wa garkuwar jiki kamannin maƙiyi don ta shirya masa makami. Ɗalibin da aka ba shi maganin barci kuwa yaya zai ɗauki darasi? A 2021 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun bibiyi mutum 658 da aka yi wa dashen sassan jiki, bayan allura biyu kashi 54 cikin ɗari ne kawai jininsu ya nuna sun samar da kariya. Saura kamar ba a yi musu ba. Masu shan maikofenolet su suka fi fuskantar wannan matsala. Shi ya sa Faransa ta fara ba irinsu allura ta uku tun watan Afrilu na shekarar, Amurka ta biyo baya a watan Agusta. Ƙarin allurai yana taimakawa ƙwarai, kuma babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu da za ta cutar da ƙodar, amma ba ya mayar da mai dashe daidai da kowa. Rabin kariyarsa tana hannun mutanen da ke shaƙar iska ɗaya da shi.

Mun riga mun ɗanɗana, ba labari nake ba ku ba. Lokacin da korona ta kama Yaya a baya, ko zazzaɓi bai yi ba. Na sa masa ma'aunin zafi har sau huɗu, 37 yake nunawa. Magungunan da yake sha suna iya danne zazzaɓin, wannan ban sani ba sai daga baya. Abin da muka gani kasala ce, da gudawa, sai kuma ya ce mini, "Ni fa tun safe fitsarina bai taka kara ya karya ba." Wannan maganar ce ta tayar mini da hankali, don duk wanda ya zauna da mai ciwon ƙoda ya san fitsari shi ne labarai. Da muka je asibiti aka gwada, korona ce, kuma kiriyatinin ɗinsa, wato dattin jini da ake aunawa don sanin yadda ƙoda ke aiki, ya hau. Likitar ta yi mana bayani cewa gudawa ɓarna biyu take yi, tana tsotse ruwan jiki, sannan tana sa takrolimus ya taru a jini fiye da ƙima, shi kuma idan ya yi yawa ƙodar da aka ba shi tsaro ita yake fara ci. Ta dakatar da maikofenolet na 'yan kwanaki, ta rage takrolimus tana auna shi a jini, ta ce kada a kuskura a taɓa firednisolon. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi remdesibir, maganin yaƙar ƙwayar korona, ta jijiya kwana uku. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma sai da ya haura mako uku gwaji na nuna cutar na jikinsa.

Akwai abin da ya faɗa a daren farko da har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Cewa ya yi, "Tunda magungunan nan ne ke kashe mini garkuwa, bari in ajiye su kwana biyu jikina ya yi faɗa da cutar." A kunne magana ce mai ma'ana. A aikace kuwa hanya ce mafi sauri ta rasa ƙoda. Garkuwar da ka kwance ba korona kaɗai za ta far wa ba, kuma sau da yawa jiki yana fara ƙin ƙodar shiru, babu ciwo babu alama, sai gwajin jini ya tona. Rage magani da dakatar da shi aikin likitan da ke riƙe da fayil ɗinka ne, shi ya san wanne ake fara ɗagawa da ranar da za a mayar. Na ce masa, "Yaya, wallahi idan ka ajiye ƙwaya ɗaya, ni da kai ne." Ya yi murmushi ya haɗiye.

Sai kuma masu ba da magani don ƙauna. Akwai Paxlovid, ƙwayar maganin korona da ake sha, kuma magani ne mai kyau ga mutane da yawa idan an fara shi cikin kwana biyar da bayyanar alamu. Amma a cikinsa akwai ritonabir, wanda ke toshe hanyar da hanta ke bi ta narkar da takrolimus. Mai dashe ya sha su tare ba tare da likitansa ya tsara ba, cikin 'yan kwanaki takrolimus zai ninka ya ninka a jininsa, hannu ya kama karkarwa, kai ya rikice, ƙoda ta tsaya, wani har farfaɗiya. Ko likita ne ya rubuta, idan bai san kana da dashe ba, faɗa masa kafin ya ɗora biro a takarda. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda mutane ke watsawa baki kamar ba komai ba, mai ƙoda ɗaya ta dashe ba nasa ba ne.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a kulle su a ɗaki. Yaya yana zuwa aikinsa, yana shiga mutane, ni ma ba na son ganinsa a takure, ai don ya rayu na ba shi, ba don ya zauna gadin ƙoda ba. Kaɗaici ma ciwo ne, mun gani a shekarar kulle. Abin da nake roƙo bai kai ya kawo ba. Idan kana tari ko mura, bugo waya, gaisuwar ta isar. Idan zuwan ya zama dole, karɓi takunkumin, zauna nesa kaɗan, bari a buɗe taga. Idan bayan ka tafi ka gano kana ɗauke da cutar, sanar da mu a ranar, don magungunan nan da wuri suke aiki, kowace rana da aka rasa tana da tsada. Kuma don Allah a daina ce wa mai dashe "ka cika tsoro". Mutumin da ya san zafin allurar wankin ƙoda a hannunsa sau uku a mako, ya san abin da yake gudun komawa.

Yau kwana biyar da zuwan baƙon namu. Da asuba na yi wa Yaya gwajin korona, layi ɗaya ya fito, wato bai nuna cutar ba. Ya ce in bar shi ya huta da tsokanar hanci, na ce jibi ma sai mun sake.