Ga ƙannenmu 'yan aji ɗaya masu son rubutu: ku fara da kunne

Makon jiya 'yar ƙanwar mahaifiyata, wadda ta shiga jami'a bana a nan Gombe, ta turo min waƙa ɗaya da gajeren labari ɗaya ta WhatsApp. Ta ce, "Yaya, don Allah ka duba min, amma gaskiya nake so ka faɗa min." Na faɗa mata. Tun ranar kuma abin bai bar raina ba, don na san irinta suna da yawa, a nan cikin gari da Kashere da Kumo, yara masu basira da ke cika littafi da rubutu a ɗakin kwana, ba su da wanda zai zauna da su.

Waƙar tata baiti 20 ce, 'yar ƙwar biyu, wato layi bibbiyu a baiti, kowane baiti ya ƙare da "wa". A ido ba ta da makusa. Sai na kira ta na ce ta rera min. Baiti na farko ya wuce, na biyu ta ja wata kalma fiye da ƙima, a na uku ta tsaya cak. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ba ta tafiya." Ban ƙara komai ba, kunnenta ya riga ni yin gyaran.

Ga inda matsalar take. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi haruffansu ɗaya, amma a baki na farkon "ga" ɗinsa gajere ne, na biyun dogo. Haka farar riga da farar da ake soyawa da yaji. Karin waƙar Hausa kuwa a kan wannan bambancin ya ginu: gaɓa sassauƙa da gaɓa mai nauyi, yadda suke jeruwa a ɗango, wato layin waƙa, yadda jerin yake maimaita kansa. Wanda ya tsara waƙa da ido haruffa yake ƙirgawa, su kuwa haruffa ba sa faɗin nauyi. Shi ya sa za ka ga ɗango biyu tsawonsu ɗaya a takarda, ka rera ka ji ɗaya yana ɗingishi.

A aji za a koya muku sunayen karuruwan da muka gada daga arulin Larabci, su Mutadarik da Mutaƙarab da Kamil da Ramal. Ku koye su da kyau. Amma ku tuna, kakanninmu mata da ke rera waƙoƙin wa'azi suna kaɗi, da yaran da ke jan Ishiriniya da dare, ba su taɓa karya kari ba, kuma yawancinsu ba su san sunansa ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai ga ɗango ko ɗaya na Imfiraji a rubuce ba, kuma har gobe ana rera ta ba tuntuɓe. Abin da na ce wa ƙanwata ke nan: ki ɗauki muryar wata waƙa da kika haddace tun Islamiyya, ki riƙa buga tebur da yatsa, ki zuba kalmominki a kai. Wadda ta ƙi shiga ki cire ta, ko da kina sonta.

Ita kuwa ƙafiya, wato amsa-amon da ke rufe kowane baiti, tarko ce ga sabon shiga. "Wa" da "ba" da "na" suna da arha, sai mutum ya riƙa jawo kalmar da ba ta da aiki don kawai ta rufe baiti. A cikin baitocinta 20, shida ne ke da abin faɗa. Sauran ƙafiya ce ta haife su.

Na san akwai masu rubuta waƙa ba kari ba ƙafiya, kuma ba ni da faɗa da su, na karanta masu daɗi a cikinsu. Roƙona kawai, mutum ya san abin da ya ajiye kafin ya ajiye shi.

Labarin nata ne ma ya fi tsaya min a rai. Saurayi ne ɗan fari zai tafi karatu nesa, uwarsa ta rungume shi tana cewa, "Ɗana abin ƙaunata, zan yi kewarka matuƙa." Na tambaye ta, "Tsakaninki da Allah, kin taɓa jin Inna ta faɗa wa Yaya Babba haka?" Ta ce ko sunansa Inna ba ta faɗa. To ai nan labarin yake! Mu a nan, Fulani da Hausawa, mun san kunyar ɗan fari. Na tuna mata ranar da Yaya Babba zai tafi Jos. Inna ta tashi tun kafin kiran assalatu, ta ɗaure yaji da kuka da ƙuli-ƙuli a leda, ta ajiye a bakin ƙofa ba ta ce na wane ne ba. Da mota ta zo ba ta fito ba. Daga cikin ɗaki ta ce wa autanmu, "Kai, ce wa wancan ya ɗauki bargo, an ce garin da sanyi." Ranar ba ta ci abincin rana ba. Wace jimla ce a cikin kalmomin soyayyar da muke arowa za ta kai wannan bargon nauyi? Yarinyar tana tsaye a tsakar gida aka yi wannan, da kunnenta ta ji, amma da ta zo rubutu sai ta ɗauka abin gidansu bai isa shiga labari ba.

Wannan raina abin gida shi ne ciwon da na fi gani a rubutun ƙannenmu. Labari sai Abuja, sai jirgi, sai gida mai hawa uku. Ga Tudun Hatsi nan, je ka tsaya rabin awa ka ji yadda dillali ke cewa "albarka" sau uku, kowace da ma'anarta. Ga Tashar Dukku, ga cikin Keke Napep daga Jekadafari zuwa Tumfure, inda Hausa ke cakuɗuwa da Fulatanci da Teranci da Tangale a zance ɗaya. Ku riƙe ɗan littafi a aljihu, ku rubuta magana yadda ta fito daga bakin mai ita, da guntayenta da rantse-rantsenta. Kada ku gyara mata zama. In kun gama labari, ku karanta zancen mutanen ciki da ƙarfi, kamar yadda za ku rera waƙa. Duk jimlar da kuka ji kunyar furtawa a gaban 'yan gidanku, ba mutum ne ya faɗe ta ba.

Darasin adabi zai koya muku feɗe waƙa: jigo, salo, zubi da tsari. Ilimi ne mai amfani, ni ma na ci moriyarsa. Sai dai wanda ya iya fiɗa ba lallai ne ya iya kiwo ba. Kiwon sai kullum, shafi ɗaya ko baiti biyu, ko ana jarrabawa.

Kuma don Allah ku rage gaggawar ɗorawa a Facebook. "Masha Allah, fasihiya" guda 100 ba za su nuna miki ɗangon da ya karye ba. Ki bar rubutu ya kwana bakwai, ki dawo masa, sannan ki kai wa mutum ɗaya da ba ya jin nauyinki.

Kada kuma wani ya ce shi yaro ne, ko ya ce marubuta sai Kano da Zariya. Mu da Bauchi jiha ɗaya muke har 1996. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai kai shekara 25 ba, yana malamin makaranta, ya rubuta Shaihu Umar don gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Malam Sa'adu Zungur ya rasu tun 1958, har yau ana nazarin waƙoƙinsa, ga jami'a sukutum da sunansa a Gadau.

Daren jiya ƙanwar tawa ta turo saƙon murya. Ta mayar da waƙar baiti takwas, ta rera ta daga farko har ƙarshe. Ɗango na biyu a baiti na biyar har yanzu yana ɗan ja da ƙafa, kuma kafin in yi magana ita da kanta ta ce ta ji shi. Labarin kuma ta ce ta yage, ta sake farawa daga asubar da Inna ke ɗaure yaji. Ranar Asabar in sha Allahu za ta zo gida da littafinta mu zauna a kai.