Matuƙa ƙananan jiragen sama, ciyawa ba kwalta ba ce

Ƴan'uwa, musamman sabbin shiga, mu ji tsoron Allah mu ji tausayin jiragen nan. A taro irin na Oshkosh a Amurka, inda jirage kusan 10,000 ke sauka duk ƙarshen Yuli, yawancinsu a kan ciyawa suke kwana. Sai mutum ya sauka lafiya, ya saki jiki, ɓarnar ta same shi tsakanin kwalta da wurin ajiya.

Farfela ce abin ji. A jirgi mai tayar gaba, dokar ƙira ta yarda tazararta da ƙasa ta kasance inci 7 kacal, wajen santimita 18. Ciyawa kuwa lulluɓe rami take yi: ramin ɓera, sawun mota da ya bushe, bakin magudana. Tayar gaba ta faɗa, hanci ya duƙa, bakin farfela ya sari ƙasa. Kada ka shafa ta ka ce ai ba ta lanƙwashe ba. A wajen Lycoming, kamfanin ƙera injin jirage, ko doguwar ciyawa farfela ta daka har juyin inji ya faɗi farat ɗaya, bugu ne, sai an buɗe an duba inji. Ka ga tafiyar kwana uku ta koma jinyar watanni.

Don haka ka ja sitiyari baya gaba ɗaya, nauyi ya ragu a kan tayar gaba. Tafi da saurin mai tafiya da ƙafa, amma kada ka tsaya a ƙasa mai laushi, domin tashi daga nan sai da totur mai yawa, iskar farfela ta watsa wa na bayanka tsakuwa, ta kwashe tantuna. Gaɓar kwalta da ciyawa a karkace ake tsallaka ta, taya ɗaya bayan ɗaya. Birki a kan ciyawa mai raɓa sulɓi yake yi.

Mai ɗaga maka hannu yana nuna maka wurin ajiya ɗan sa-kai ne, yana taimako, amma alhakin jirgin a wuyanka yake. In zuciyarka ba ta kwanta da wuri ba, kashe inji, zare makulli, a tura da hannu.

Wajen ajiya, sa falankin katako a ƙarƙashin kowace taya, in ba haka ba ruwan dare ɗaya ya isa su nutse. Sa waigi, kulle sitiyari. Turken ɗaure jirgin nan guda mai murɗawa ban yarda da shi ba, da ƙasa ta jiƙa yake tumɓukewa. A kafa ƙarafa uku a karkace a kowane maɗauri: fiffike biyu da jela. Waɗanda suka halarci taron jirage na Sun 'n Fun a Florida ran 31 ga Maris 2011 sun ga yadda guguwa ta kife jirage, wasu a kan na maƙwabtansu. In ka gama naka, leƙa igiyar na kusa da kai.