Ana ta rawar kai kan na'urar ƙwaƙwalwa, tabarau ya gagara

Tun a watan Satumban 2024 da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya na'urar Blindsight ta Neuralink, kamfanin Elon Musk, cikin waɗanda za a gaggauta dubawa, kunnuwanmu ba su huta ba. Wai Elon Musk zai dasa ɗan wani abu a ƙwaƙwalwa, makaho ya gani. To, Allah ya sa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake yayata maganar kamar ita ce maganin makantar duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke fama da raunin gani, kuma biliyan 1 daga cikinsu matsalarsu ana iya kauce mata, ko kuma har yanzu ba a kula da ita ba. A cikin biliyan ɗin nan, miliyan 826 ba komai ke damunsu ba illa dushewar ganin kusa da ke zuwa bayan shekara 40: telan da ke lalube kafin ya zura zare a allura, dattijuwar da ke miƙe hannu da waya har ƙarshe kafin ta karanta saƙo. Maganinsu tabarau, abin da aka ƙera a Italiya tun ƙarshen ƙarni na 13. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya ya nuna aikinsu ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100 bayan an ba su shi.

Sai yanar ido, wadda ta fi komai makantar da manya: mutum miliyan 94 ke fama da raunin gani saboda ita. Tiyatarta ba ta cika wuce rabin awa ba, a cire ƙwayar da ta yi hazo a sa ta roba, dabarar da likitan ido Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Amma a alƙaluman da hukumar ta bayar a 2023, kashi 17 cikin 100 kacal na masu buƙata ne suka samu aiki mai inganci. Wane irin sabon ilmi ake jira a nan?

Masu cewa bincike ai na gobe ne, ban hana su ba, su dai daina sayar mana da gobe alhali yau tana zaune cikin duhu.

Hawan jinin ido da lahanin ciwon suga su ne suka fi ban tsoro, domin shiru suke cin ido, kuma abin da hawan jinin ido ya ɗauka ba ya dawowa. Awo da wuri ne ke taimakawa a tare su.

A 2021 ƙasashen duniya suka yi alkawarin faɗaɗa samun tabarau da tiyatar yana kafin 2030. Gwamnatoci su sa gwajin ido a ƙananan asibitoci, su cire haraji kan tabarau, su horar da masu tiyata. 'Yan jarida kuma su fara tambayar ministocin lafiya ina aka kwana kan wannan alkawari.